Logbuk ɗin ɗaliban nas ya koma waya: ina zai yi amfani, ina kuma za mu yaudari kanmu

Duk wanda ya taɓa aiki a wod ɗin da ake turo ɗaliban nas ya san abin da ke faruwa idan jarabawa ta rage sati biyu. Za ka ga yara cikin fararen kaya sun yi cirko-cirko a bakin ofishin incaj, wato nas ɗin da ke shugabancin wod, kowa da logbuk a hannu, littafin da nas ke sa hannu ta shaida ɗalibi ya iya aiki kaza, wani littafin har ya yi laushi saboda shiga jaka da fita, wani ruwan sama ya taɓa shi biron ya narke, suna jira ta gama rubuta rahoton shif. "Anti dan Allah ki taimaka ki sa min hannu, saura shafi huɗu." Ita kuma Anti tun safe take tsaye, wod ya cika maƙil, daga ita sai abokiyar aiki ɗaya, sai ta karɓa ta dinga zuba sa hannu tana ɗan ja da kwanan wata baya, wannan ta sa watan uku wancan watan biyar, don kada a ga duk rana ɗaya aka yi su. Ni ma na sa irin wannan hannun ba sau ɗaya ba, don haka ba na nuna wa kowa yatsa. Akwai yarinyar da na sa wa hannu a kan saka katita, wato robar fitsari, bayan kamar sati uku muna dutin dare tare aka buƙaci a saka wa wata tsohuwa, na ce bismillah 'yata, sai na ga hannunta na karkarwa ta rasa ta ina za ta ɓare fakitin ba tare da ta taɓa bakin robar ba. Kuma sunana ne a littafinta, ni ce na shaida ta iya.

Shi ya sa idan na ji ana maganar a kwashe harkar fostin (tura ɗalibai koyon aiki a asibiti) da logbuk da intanshif (shekarar koyon aiki bayan digiri) a zuba a kwamfuta nake kasa kunne sosai. Ina goyon baya, kada a yi min mummunar fahimta. Amma akwai abin da manhaja za ta gyara cikin wata ɗaya, akwai kuma wanda za ta shafa wa mai kawai ya ƙara ƙyalli alhali cikinsa yana nan yadda yake, kuma masu kawo mana waɗannan manhajojin ba kasafai suke bambance su ba.

Sai an fara gane yadda tsarin yake kafin a gane inda bayani ke zubewa. Ɗalibin nas ɗan gida uku ne. Makaranta ce ta ɗauke shi ita ke ba shi maki, asibiti ne ke da marasa lafiyan da zai koyi aiki a jikinsu, sannan ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda kowa ke ce wa Kansil, da aka kafa da doka a 1979, ita ke yi masa rajista tun shigarsa, ita ke shirya jarabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Nas ɗin da za ta tsaya a kansa a wod kuwa ba ma'aikaciyar makaranta ba ce, asibiti ke biyanta albashi, kuma a ƙarshen shif kan marasa lafiya za a tambaye ta ba kan ɗalibai ba. To tsakanin waɗannan gidaje uku me ke ɗaukar saƙo? Takarda mai hatimi da ɗan aike, littafin rajista, sai guruf ɗin WhatsApp da wakilin aji ya buɗe. Ga kuma ɗaliban kansu iri-iri ne, akwai masu tsohon tsarin shekara uku, akwai 'yan ND da HND a kwalejoji, akwai 'yan jami'a masu digirin shekara biyar da sai sun ƙara shekara ɗaya ta intanshif kafin bautar ƙasa, ga 'yan ungozoma, ga waɗanda suka riga suka zama nas suka dawo ƙaro ƙwarewa a fanni ɗaya. Duk a wod guda za su iya haɗuwa da safe ɗaya, kowa da abin da makarantarsa ta ce ya koyo.

Kaduna kuma tata ta ɗan fi ta wasu, saboda Allah ya tara mana asibitocin da ba kowace jiha ke da su ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, asibitin ido na ƙasa a Mando, na kunne da hanci da maƙogwaro, ga 44 na sojoji, ga Barau Dikko da manyanmu har yau suke ce wa Nursing Home, ga Asibitin Dutse a Tudun Wada, ga Shika can Zariya. Makarantu kuma ga kwalejin jiha da ke Kafanchan da rassanta a Tudun Wada da Pambegua, ga St. Gerard a Kakuri, ga Wusasa, ga ABU da KASU, ban da masu zaman kansu da suke ta ƙaruwa. Duk ɗalibin nas dole ya yi fostin na taɓin hankali misali, kuma asibitin irin wannan ba a kowane lungu yake ba, don haka har daga wasu jihohi ake ɗebo yara a bas. Yanzu ɗora wannan a kan abubuwa biyu da suka faru kusan lokaci ɗaya. Gwamnatin tarayya ta bakin ministan lafiya Muhammad Ali Pate ta sanar da ƙara gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. A gefe guda kuma a farkon 2024 magatakardan Kansil na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas kusan 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Wato masu koyo sun ninka, masu koyarwa a bakin gado sun ragu, kuma waɗanda suka tafi galibi 'yan tsakiya ne, masu shekarun aiki da ƙarfin tsayawa, ainihin waɗanda ke riƙe hannun ɗalibi.

To a nan ne na ga amfanin farko, kuma shi ne mafi girma a ganina duk da ba shi da wani armashi: rabon fostin. Ba wata fasaha ce mai wuya ba, allo ɗaya ne da makarantu da asibiti duk suke kallo, kowane wod an rubuta ɗalibai nawa zai iya ɗauka a kowane shif gwargwadon gadaje da yawan nas, makaranta ta shigo ta kama gurbi kamar yadda ake kama kujerar jirgin ƙasan Rigasa, idan ya cika ya cika sai a nemi wani satin ko wani asibitin. A yadda ake yi yanzu kowace makaranta ita kaɗai take zana jadawalinta ba ta san na makwabciyarta ba, sai ka wayi gari makarantu uku sun turo yara ɗakin haihuwa a sati ɗaya, mace na naƙuda mutum goma sha na leƙe, ita ba ta samu sutura ba su ba su samu koyo ba, wanda ke baya ma kan na gaba kawai yake gani. Wata biyu bayan haka kuma ɗakin ya zama fayau ba ɗalibi ko ɗaya alhali haihuwa ba ta tsaya ba. Haka kuma kowa so yake a sa shi dutin safe, dare da ƙarshen mako ba kowa, alhali da dare ne hatsari ke shigowa imajansi, da dare ne yawancin naƙuda ke tsananta, kuma da dare ne nas ke da ɗan sararin da za ta ce zo ki gani. Jadawali ɗaya da kowa ke gani yana fito da wannan ɓarnar fili tun kafin ta faru. Ko da Google Sheets aka fara, wallahi ya fi babu.

Amma ko wannan ɗin ba kwamfuta ce mai wuyar ba, yarjejeniyar ce. Ranar da allo ya ce wod ɗin yara ya cika, shugaban wata makaranta zai ɗaga waya ya kira wani babba, ranka ya daɗe yarana fa jarabawa ta matso, a taimaka. Idan babban ya ce a ƙara su to allon ya zama ado.

Sai batun halarta, wanda shi ne shugabanni suka fi so don shi ya fi saurin nuna an yi aiki. An gwada dabaru a wurare da dama, lambar QR da ake mannawa a ƙofar wod, dangwala yatsa, ko waya ta nuna inda kake. Kowanne da ƙofar bayansa. Lambar QR mutum ɗaya zai ɗauki hotonta ya tura guruf, wanda ke kwance a Kawo ya shigar da kansa ya juya ya ci gaba da barci, sai dai in lambar tana canzawa duk bayan ɗan lokaci, wanda shi kuma sai da allo mai wuta. Nuna wuri da waya ba ya bambance cikin wod da teburin mai shayi na bakin get. Na'urar yatsa kuma duk wadda ta yini tana wanke hannu tana shafa sanitaiza ta san yadda take gardama. Ba wai kada a yi ba, a yi, ya fi rajistar da mutum ɗaya ke sa wa abokansa biyar hannu da biro kala-kala. Amma mu sani zuwa daban koyo daban. Na ga ɗalibin da bai taɓa makara ba kuma bai taɓa yin komai ba sai tura keken magani da kai fayil ɗakin gwaji.

Logbuk ɗin shi ne zuciyar maganar, bari in tsaya a kansa. Abin da na waya ya fi na takarda da shi abu ɗaya ne tak, lokaci. Ɗaliba ta wanke ciwo ƙarfe goma da kwata, a take ta buɗe waya ta zaɓi aikin, ta zaɓi matakin da ta yi shi, kallo kawai ta yi, ko ta taimaka, ko ta yi da kanta ana tsaye a kanta, ko ta yi ita kaɗai aka zo aka duba, sannan ta zaɓi sunan nas ɗin da ta gani, saƙo ya tafi wayar nas ɗin ta amince ko ta mayar da shi da ɗan bayani. Na'ura ta buga lokacin da kanta, ba mai ja da shi baya. Idan aka tsara cewa bayan kwana biyu ba a amince ba shigarwar ta mutu, to layin nan na ƙarshen zango ya mutu tare da ita, don babu abin da za a tara. Daga nan sai wani abu ya buɗe wanda takarda ba ta taɓa ba mu ba: malamin makaranta yana zaune a ofis a sati na uku zai ga wance ba ta taɓa saka kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ba, wane bai taɓa cike takardar lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita ba, aji guda babu wanda ya taɓa bin naƙuda da fatogiraf, takardar da ake rubuta ci gaban naƙuda a kai, daga farko har ƙarshe. Ya gani tun da sauran lokacin gyara. A tsarin takarda sai littafin ya dawo hannunsa bayan an gama fostin, a lokacin kuma duk shafukan sun cika tsaf, ƙarya ta riga ta yi fure.

Akwai ma abin da kowa ya sani a baki amma ba a taɓa ƙirga shi ba, wato bambancin abin da ɗalibi namiji da mace ke samu a yankinmu. Mata da yawa ba za su yarda namiji ɗalibi ya tsaya a kansu a ɗakin awo ko na haihuwa ba, haƙƙinsu ne kuma, haka wasu dattawa ba za su bari yarinya sa'ar jikarsu ta saka musu robar fitsari ba. A takarda duk waɗannan an sa hannu an wuce. Idan shigarwar gaskiya ce za a ga ramin a fili, sai makaranta ta san wa za ta ƙara wa lokaci a ɗakin gwaji da mutum-mutumin roba, wa za a tura inda zai samu dama.

Na ce idan shigarwar gaskiya ce, nan ne gizo ke saƙar. Manhaja ba ta ga hannun ɗalibar ba, danna maɓalli kawai ta gani. Nas ɗin da ta gaji har ta zuba sa hannu ashirin a takarda, ita ce dai za ta buɗe waya bayan isha'i ta ga saƙo ashirin na jira ta danna amince amince amince tana kallon tukunya. Mafi muni ma ta ba wakiliyar aji fasuwod ɗinta ta ce ke 'yata ki dinga danna musu ni ba na iyawa da wannan abin. Sai mu samu ƙarya mai ɗauke da daƙiƙa da minti, wadda ta fi ta takarda haɗari saboda kowa zai ce ai kwamfuta ce ta faɗa. Wani masanin koyar da likitanci a Amurka, George Miller, tun 1990 ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: mutum ya san abu, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan ya yi shi a ainihin aiki. Jarabawar Kansil da ake yi a kwamfuta yanzu tana auna hawa biyu na ƙasa. OSCE, jarabawar aikin hannu wadda Ronald Harden da abokansa suka fito da ita a Dundee a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tasha-tasha ana ba shi 'yan mintuna a kowacce, tana auna na uku. Na huɗun babu abin da ke auna shi sai idon mutum da ya tsaya a bakin gado ya ga yadda ka wanke hannu, yadda ka yi wa mara lafiya magana kafin ka taɓa shi, da abin da ka yi lokacin da jijiya ta ƙi samuwa. Wannan idon shi ne muke da ƙarancinsa, kuma babu manhajar da ke haifarsa.

Abin da za ta iya shi ne ta rage wa idon wahala, ta kuma tona inda ba ya nan. Rage wahala yana nufin amincewa kada ta wuce danna biyu ko uku, in ana son bayani a bar ta ta yi saƙon murya na daƙiƙa goma da Hausa ko Turanci, "ta yi ƙoƙari amma ta taɓa audugar da hannun da ta riƙe kwano", wannan jimlar ɗaya ta fi maki biyar cikin biyar amfani. Duk fom ɗin da ya kai tambaya goma sha biyar kafin a rufe shi, ku rubuta ku ajiye, ba za a cike shi da gaskiya ba. Tonawa kuma shi ne tsarin yana iya nuna cewa nas guda ta amince da aiki arba'in cikin minti uku, ko ta amince da abin da aka yi ranar da rosta ta nuna tana hutu. Amma abin da za a yi da wannan bayanin shi ne zai raba gardama. Idan kuweri za a buga mata, gobe za ta ce kada a sake haɗa ta da ɗalibi, kuma ba wanda zai iya tilasta ta koyarwa da zuciya ɗaya. Idan kuwa aka duba aka ga ɗalibai goma sha biyar aka jibga mata ita kaɗai, to laifin na jadawali ne, mun koma maganar farko. Kuma tunda tsarin yana ƙirga awannin da kowace nas ta yi tana koyarwa, me zai hana a lissafa mata su cikin makin ƙaro ilimi da ake nema wajen sabunta lasisi, ko a duba su wajen ƙarin girma, ko ko da kuɗin data ne a ba ta? Yanzu dai ladan Allah kawai take nema.

Wuta da sabis ba sai na ja ba, amma akwai abu biyu da duk ɗan Kaduna zai tuna. A ƙarshen Satumba 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro har kusan wata biyu, sannan a Oktoba 2024 yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ga data da ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Ɗalibin da aka tura fostin na karkara a ƙaramin asibiti, cikin mazaɓu 255 da jihar ke da su, ba lallai ya ga sandar sabis ko ɗaya ba sai ya fito bakin titi. Don haka duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba tamu ba ce. Dole ta ajiye a cikin wayar ta tura daga baya, kuma wannan ba sabon abu ba ne a nan, masu aikin rigakafin shan inna sun daɗe suna amfani da manhajar tattara bayanai ta ODK a ƙauyuka haka, KoboToolbox ma haka yake. Dole kuma ta hau ƙaramar Android mai tsagaggen gilashi, don ita ce a hannun yawancin yaranmu.

Sirrin mara lafiya kuma abin tsoro ne ƙwarai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma ka leƙa guruf ɗin ɗalibai ka ga hoton ciwo, hoton fayil da suna ɓaro-ɓaro, da niyyar koyo ne fa ba da mugunta ba. Garin nan kuwa ƙarami ne, hoton da aka ɗauka a wod da safe kafin la'asar ya isa wayar 'yar ƙanwar kishiyar matar. Logbuk na waya bai buƙatar suna ko lambar kati ko hoto, wod da rukunin shekaru da irin aikin sun wadatar, kuma gara a ƙera shi yadda babu ma gurbin rubuta sunan. Akwai kuma idon 'yan jinya. Mai jinyar da ya ga yarinya cikin yunifom tana latsa waya kusa da gadon mahaifinsa ba zai ce logbuk take cikewa ba, cewa zai yi tana hira mutum na mutuwa, kuma mun san yadda irin wannan ke ƙarewa. A cike a tebur ɗin nas bayan an cire safar hannu an wanke hannu, wayar ma ai matattarar ƙwayoyin cuta ce.

Intanshif shi nasa ciwon daban ne. Yaro ya gama digiri ya ci jarabawar Kansil, sai ya shiga yawon neman gurbi, ya kai takarda nan ya kai can, ya rubuta jarabawar ɗauka a asibitoci daban-daban, wani ya shekara a gida yana jira alhali sa'anninsa masu hanya sun fara. Likitoci an daɗe da yi musu shafi ɗaya a ƙarƙashin hukumarsu ta MDCN inda sabon likita ke shiga ya ga guraben asibitocin tarayya ya zaɓa, kuma a yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar nas ta NANNM ta shiga a ƙarshen Yuli 2025, tattara rabon intanshif wuri ɗaya yana cikin buƙatunsu. Ina ganin daidai ne, don shafi ɗaya yana rage kai-komo yana rage a-san-ka. Sai dai kada a ɗauka zai ƙirƙiro gurbi. Gurbin intanshif albashi ne, asibiti ba zai ɗauki fiye da abin da kasafinsa ya ɗauka ba, kuma idan masu fitowa sun ninka guraben to shafin zai nuna mana tsawon layin ne kawai, wanda shi ma ci gaba ne, aƙalla a daina musu a kan girman matsalar.

Inda na fi son a sa ido shi ne bayan an samu gurbin. Manufar shekarar ita ce a zagaya da mutum, wod ɗin magani, na tiyata, yara, mata da haihuwa, imajansi, lafiyar al'umma. Amma asibitin da ke fama da ƙarancin ma'aikata yana ganin intan a matsayin hannu ne da zai toshe rami a rosta, sai a bar shi wata biyar a wod ɗaya saboda ya saba kuma incaj ba ta son a ɗauke mata shi, a ƙarshe a ba shi takardar ya zagaya ko'ina. Idan zagayen yana cikin tsarin da shi intan ɗin yake gani, sashen koyarwa na asibiti yake gani, Kansil ma take iya leƙawa, wuya ne a ɓoye wata biyar. Takardar kammalawa ma ta fito daga tsarin da kanta ranar da aka cika sharuɗɗa, ba sai an yi sati uku ana bin ofis-ofis ana cewa oga ya yi tafiya ba, ga kuma lokacin rajistar NYSC na wucewa. Waɗanda suka nemi aiki a waje sun san wata wahalar, a Ingila misali karatun nas yana da awa 2,300 na koyon aiki a aikace a ƙa'ida, kuma hukumomin ƙasashe da dama idan suna tantance takardunka so suke su ga awannin kowane fanni a rarrabe, sai mutum ya koma makarantar da ya bari shekara takwas a shiga sito ana kaɗe ƙura ana neman fayil ɗin da wataƙila gara ta riga shi.

Karatu ta intanet, bidiyon yadda ake aiki, gwajin kai da kai a manhajar karatu ta Moodle da makamantansu, wannan duk mai kyau ne kuma shi ne mafi sauƙi, ba zan ɓata lokaci a kansa ba.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan tsare-tsare a wurinmu ba ɗalibai ba ne ba nas ba ne, yadda ake sayo su ne. A ba ɗan kwangila, ya ƙera, a yi bikin ƙaddamarwa da lemo da hoto, bayan shekara kuɗin rumbun ajiya ya ƙare ba wanda ya sa shi a kasafi, ko mutum ɗayan da ya san fasuwod ɗin babba a yi masa canjin wurin aiki, bayanan aji uku su tafi da shi. Na taɓa ganin inda duk rikodin ɗalibai yake cikin imel ɗin wani malami na kashin kansa, da ya yi ritaya sai da aka bi shi gida. Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya a tambaya, bayanan na waye, za mu iya sauke su gaba ɗaya duk ranar da muka so, wa zai biya shekara ta biyu da ta uku, wa za a kira idan ta tsaya ƙarfe biyun dare. Sannan kowace makaranta kada ta je ta ƙera nata daban, in ba haka ba nas guda za ta ƙare da manhaja huɗu a waya da fasuwod huɗu, kowacce da jerin ayyukanta. Jerin ayyukan da matakan auna su ya kamata ya fito daga Kansil iri ɗaya ga kowa, kamar yadda bayanan asibitocin ƙasar nan ke haɗuwa a rumbun bayanan lafiya na DHIS2 ko daga wace ƙaramar hukuma suka taso. Muddin kuma mai jarabawar da za a turo daga waje littafin takarda zai nema ya duba, to yara za su cike biyu ne, na waya don makaranta na takarda don jarabawa, kuma kowa ya san wanda za su ɗauka da muhimmanci.

In da ni za a tambaya ta ina za a fara, cewa zan yi a ɗauki wod biyu a asibiti ɗaya da aji ɗaya na zango ɗaya, a zaɓi ayyuka kamar goma da suka fi haɗari idan aka yi su ba daidai ba, allura, ƙarin ruwa, lissafin magani, katita, wankin ciwo, awon naƙuda da irinsu, sauran a bar su a takarda tukuna. Shi kuma mai ƙera manhajar kafin ya rubuta komai a ba shi kujera a tebur ɗin nas ya kwana biyu a dutin dare, ya ga lokacin da fitila ke ɗaukewa a koma tocilan ɗin waya, ya ga cajin wayar Sista saura kashi tara kuma da ita take haska jijiya, sannan ya faɗa mana a wane minti yake so ta buɗe fom ɗinsa.